Babi na Bakwai: Sirrinka a Asibitin Ido

'Yan uwa ɗalibai, sannunku da ƙoƙari. Wanda ya kawo wannan babi ya yi tafiya mai nisa, kada ya raina kansa.

Tun da muka fara ajin dare a nan Agege na lura da wani abu. Mutum sai ya shekara hamsin bai san idonsa ya yi rauni ba, sai ran da ya zauna gaban allo yana ƙanƙance ido, yana cewa allin malam ne ba ya kamawa. Ba alli ba ne, Baba, ido ne. Da yawanku karatun nan ne ya kai ku asibitin ido. Wasu sun je asibitin koyarwa na Idi-Araba, wasu na Ikeja, wasu ƙananan asibitocin kuɗi na cikin unguwa. Ko'ina ka je, kafin ka ga likita sai ka ga takarda. Takardar nan za mu koya. In na ce "ka", Hajiya, har da ke nake.

Darasi na 1: Me likitan ido ya sani a kanka?

Kana zaton ido kaɗai zai duba. A'a. In ya haska fitilarsa cikin idonka yana hango jijiyoyin jinin da ke can ciki, daga nan yana iya gane alamar ciwon suga ko hawan jini tun kai ba ka sani ba. Zai tambaye ka maganin da kake sha. Zai tambaye ka ko akwai wanda ya makance a danginku, domin hawan jinin ido yana bin zuri'a. Wani lokaci kafin aikin yanar ido sai an ɗebi jininka an gwada. Duk wannan cikin fayil ɗinka yake shiga.

Faɗa masa gaskiya, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. In ka taɓa ɗiga wani abu a ido, ko ruwan ganye ne, ko maganin da ka saya a tasha, ka faɗa.

Abin da ka faɗa amana ce, kuma hukuma ta tsaya mata. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014, sashe na 26, ta ce bayanin ciwonka da maganinka da zamanka a asibiti sirri ne. Ba a ba wani sai in ka yarda a rubuce, ko kotu ko wata doka ta tilasta, ko in ɓoyewar za ta jefa lafiyar jama'a cikin babban haɗari. Yaro ƙarami kuwa, iyayensa ko mai riƙonsa ne ke tsaya masa. A 2023 kuma Shugaba Tinubu ya sa hannu a dokar kare bayanan mutane, wadda ta sa bayanin lafiya cikin waɗanda aka fi tsananta tsaronsu. Ban ce ku haddace shekarun nan ba. Kalma biyu nake so ku riƙe: "a rubuce". Ku sa yatsa a kansu, ku karanta sau uku.

Darasi na 2: Teburin kati

Da ka shiga, akwai tebur ko taga inda ake yankar kati. A nan Legas fom ɗin da Turanci yake, don haka ga kalmomin da za ka gani. Ka kwafe su a littafinka da manyan baƙaƙe, kowace a layinta.

NAME, wato suna.
AGE, wato shekaru.
ADDRESS, wato inda kake zaune.
PHONE NUMBER, wato lambar waya.
NEXT OF KIN, wato na kusa da kai, wanda za a nema in wani abu ya taso.
SIGNATURE, wato wurin sa hannu.

Layin da ke gaban kowace kalma, ko ɗigo-ɗigon da ke gabanta, nan ne wurin rubutu. Ba a rubutu a kan kalmar kanta. Ka fara daga hagu ka tafi dama, ba kamar ajami ba. Sunan da ke katinka na ɗan ƙasa shi za ka rubuta, ba laƙabin kasuwa ba. In ana ce maka Mai Tumatur a Mile 12, asibiti ba ta san wannan ba.

In ma'aikaci ne yake cike maka, ka matsa kusa ka yi magana ƙasa-ƙasa. Ba sai duk mutanen benci sun ji shekarunka da ciwonka ba. In ya ɗaga murya yana tambayar me ke damunka, ka ce ido ne, sauran sai gaban likita.

Darasi na 3: Lambar waya

A nan za mu daɗe, kowa ya gyara zama.

Wani ɗalibinmu na shekarun baya gadi yake yi a wani gida. Dattijo ne, yana da hawan jinin ido, amma yana ɗiga maganinsa kullum, yana kuma gani daidai gwargwado. Ran da ya je yankar kati aka ce ya kawo lambar waya. Tasa ba ta kansa, wayar kuma caji ya ƙare. Lambar da ya haddace ita ce ta maigidansa, don ita yake kira kullum in baƙo ya tsaya a bakin get. Ita ya bayar. Bayan wata biyu asibiti ta kira don tuna masa ranar dawowa, maigida ya ɗauka, mai kiran kuma ya saki baki ya faɗi sunan ciwon. Ƙarshen wata aka sallame shi, wai ba a ajiye maigadin da ba ya gani. Mai kiran ya yi laifi, ban wanke shi ba, bai kamata ya faɗi ciwo ga muryar da bai tabbatar ba. Amma wa ya ba shi lambar? Magana zarar bunu ce. Har yau in na tuna yadda bawan Allahn nan ya zauna a bencin baya yana jujjuya hularsa a hannu, raina ɓaci yake.

To, lambarka, ba ta wani ba.

Lambar waya a ƙasar nan tana da lambobi 11, kuma da sifiri take farawa. Ɗauki fensir. Zana gidaje 11 a jere. Ƙirga su da yatsa. Goma sha ɗaya ne? Sake ƙirgawa. Yanzu ja layi bayan gida na huɗu, ka sake jan wani bayan gida na bakwai. Ka samu kashi uku ke nan: huɗu, uku, huɗu. Haka za ka haddace ta, kamar yadda ake ɗaukar hadda gaɓa-gaɓa.

Gida na farko sifiri ne. Kada ka bar shi wai don sifiri ba komai ba ne. A kuɗi ma ka san sifiri ba wasa ba ne.

Cika sauran gidajen kana duban wayarka, ko wani amintacce yana karanto maka. Ka lura da 6 da 9. Shida cikinta a ƙasa yake, tara kanta a sama yake. Ka lura da 1 da 7, bakwai tana da hula, ɗaya ba ta da ita. In ka juya guda ɗaya tak, wayar wani baƙo can za a kira a gaya masa zancen idonka.

Ka gama? Rufe littafin. Faɗi huɗun farko. Faɗi ukun tsakiya. Faɗi huɗun ƙarshe. Ka kakare? Ba komai, buɗe ka duba, ka sake rufewa. Sannu ba ta hana zuwa. Akwai wanda ya yi sati uku a kan wannan, yanzu ko daga barci ka tashe shi zai karanto maka ita.

Sannan ka rubuta ta a 'yar takarda, ka sa cikin aljihu tare da katin asibiti. Waya tana mutuwa, ana kuma sace ta a motar haya, takarda ba ta buƙatar caji.

Yanzu wurin NEXT OF KIN. Shi ma lambar waya yake so, kuma nan ne kuskure na biyu. Na sani, yawancinmu dangi suna Arewa, mu kaɗai muka zo Ikko neman abinci. Shi ya sa mutum yake rubuta maigidansa, ko mai shagon kusa, ko duk wanda ya rako shi ran nan. Tsaya ka tambayi kanka: in mutumin nan ya ji duk abin da ke cikin fayil ɗina, zan iya haɗa ido da shi gobe? In amsar a'a ce, ba shi ba ne. Gara ɗan'uwanka da ke Katsina ko Sakkwato, waya ba ta san nisa ba. Kuma ka nemi izininsa kafin ka rubuta shi.

Hajiya, in waya ɗaya kuke amfani da ita ke da maigida, ko ta ɗanki ce, ki faɗa musu a teburin kati. Ki ce in sun kira su nemi mai suna kaza, kada su faɗi komai sai sun ji muryarki, kada kuma su turo sakamako ta saƙo, za ki zo da ƙafarki ki karɓa.

Aiki: rubuta lambarka sau goma, cikin gidaje 11, huɗu, uku, huɗu. Taka, ba ta maigida ba, ba ta abokin ɗaki ba.

Darasi na 4: Kafin ka dangwala

Akwai takarda mai kalmar CONSENT a samanta, ma'anarta yarda. Ana kawo ta kafin aikin ido, ko in kamfani ko masu inshora suna son ganin bayaninka. Ka tuna kalma biyun nan, "a rubuce"? To dangwala yatsa ma rubutu ne. Da ka dangwala, ka yarda.

Na gaji da ganin dattijo mai furfura, wanda a kasuwa ba ya sayen buhun albasa sai an kwance bakinsa ya duba har ƙasa, amma a miƙo masa takarda ya miƙa babban yatsa kamar ana raba goro. Kunyar me? Cewa ba ka iya Turanci ba? Wannan dokar ta 2014, sashe na 23, ta ce ma'aikacin lafiya ya yi maka bayani da harshen da kake ji in da hali, ya kuma lura da iyakar karatunka. Haƙƙinka ne, ba roƙo kake ba. In babu mai jin Hausa, ka ce da Turancin kasuwa, "Abeg, read am for me." Tambaya uku za ka yi: me takardar ta ce, wa za a ba bayanina, don me.

Ga wani abu da ya keɓanta da asibitin ido. Akwai maganin da ake ɗigawa don ƙwayar ido ta buɗe likita ya ga ciki. Bayan an ɗiga, gani yana dushewa na wasu awoyi, rubutu na kusa ba ya karantuwa ko ga ɗan boko. Kada ka sa hannu a komai a wannan hali. Ka ce a kawo takardu kafin ɗigawa, ko a bari sai idon ya washe.

Tafinta kuma kai za ka zaɓe shi. Wanda ka tsinta a benci don kun ji juna kuna Hausa, ba ka san bakinsa ba, wataƙila gobe a masallacin unguwarku za ka gan shi. In ɗan rakiya ne ma, kana iya cewa ya jira a waje har likita ya gama tambayoyinsa.

Kuma kafin ka dangwala, leƙa wurin lambar waya. Taka ce a wurin? Ƙirga, 11 ne? Da sifiri ta fara? Na san na faɗa. Zan sake faɗa, tunda makon jiya mutum huɗu a ajin nan suka kawo mini lamba mai gida goma.

Direbobi, ku ji wannan da kyau. Sirri ba lasisi ba ne. In likita ya ce idonka bai isa tuƙi ba, musamman da dare, ka ajiye makulli. Ba za ka ɗauko tanka daga Apapa kana lalube ba, ka ce malam ya ce sirri ne. Ban ce ba.

Darasi na 5: Takardun da ka kawo gida

Takardar gilashi tana da RE, idon dama, da LE, idon hagu. In ka ga 6/6, ganinka daidai yake daga nisan mita shida. Mai haɗa gilashi wannan takarda kaɗai yake buƙata, ba duk tarihinka ba.

Sa takardun cikin leda, ka ɗaure, ka ajiye inda ruwa da yara ba sa kaiwa. Wadda ta gama amfani ka yayyaga ta. Na taɓa sayen ƙosai aka naɗe mini shi cikin takardar gwajin wani, da sunansa da komai.

In za ka nemi taimakon kuɗin aiki a zauren 'yan garinku na WhatsApp, kada ka ɗauki hoton takardar gaba ɗaya. Rufe adireshi da lambar kati da lambar waya da sauran gwaje-gwaje.

Darasi na 6: In an tona

Fara zuwa wurin shugaban asibitin. Rubuta rana da abin da aka faɗa da wanda aka faɗa wa. In ba a saurare ka ba, jihar Legas tana da hukumar da ke sa ido kan asibitoci, HEFAMAA, tarayya kuma tana da hukumar kare bayanai, NDPC. Ka zo in taya ka rubuta takardar.

Darasi na 7: Kati da rasit

Ka ajiye su tare. Kada ka ara wa wani katinka.

Ranar Asabar kowa ya zo da littafinsa, gidaje 11 a cike sau goma. Wanda bai yi ba, bencin gaba zai zauna.