Yadda ake gane bishiyar mulberi ta daji da wuraren da take fitowa

Mulberi, wadda Larabawa ke kira tut, 'yar dangin ɓaure ce da cediya da durumi. Tana ƙarama takan yi kama da kowane ƙaramin itacen bakin hanya, don haka sai an matsa kusa.

Da farko ka duba ganye, amma kada ka tsaya a kan guda ɗaya. A reshe ɗaya za ka ga ganye mai siffar zuciya, kusa da shi kuma wani mai tsaga biyu ko uku. Wannan rashin daidaito shi ne babbar alamarta. Bakin ganyen yana da ƙananan haƙora, manyan jijiyoyi uku suna tashi daga gindinsa, kuma ganyayen ba sa fuskantar juna a jikin reshe, ɗaya nan ɗaya can suke.

Sai ka tsinke ganye guda. Idan farin ruwa mai danƙo ya ɗigo irin na cediya, ka kama hanya. Ka shafa reshen: mulberi ba ta da ƙaya. Mai ƙaya wata shuka ce daban, ko da 'ya'yansu sun yi kama.

'Ya'yan ƙananan ƙwayoyi ne a cure, sukan fara da kore, su koma ja, su nuna baƙi-baƙi su rina hannu. Wasu kan nuna suna farare. Ɗanyunsu suna ɓata ciki, a bar su.

Wurin da ta tsiro ma shaida ne. Farar mulberi, 'yar asalin Sin da ake ciyar da tsutsar siliki da ganyenta, ta bazu har Amurka. Tana son rana, tana fitowa a gefen titi, jikin shinge da kangaye, inda tsuntsaye suka zubar da irinta. Ganyenta sumul yake da ƙyalli. Jar mulberi ta gabashin Amurka kuwa ta fi son kurmi mai damshi da bakin rafi, saman ganyenta da kaushi, ƙasansa da gashi.

Wadda ta fi rikita mutane ita ce mulberin takarda, wata bishiya daban 'yar danginta, da ta addabi dazuzzukan Ghana. Ganyenta gashi ne sosai, 'ya'yanta kuma a dunƙule suke kamar ƙwallo, launin ruwan lemo mai ja.