Yadda Za Ka Kalli Ruwan Taurarin Ursid a Daren Hunturu

Kowa ya fi sanin ruwan taurarin Geminid na tsakiyar Disamba, amma ni ƙaramin nan na Ursid ya fi shiga raina. Yakan kai ganiyarsa wajen 22 ga Disamba, da kyar taurarin da ake gani suna faɗowa su wuce guda 10 a sa'a. Ɓurɓushin tauraruwa mai wutsiya ne, wadda ake kira 8P/Tuttle, yake ƙonewa idan ya shigo iskar duniya.

1. Fara duba wata. Idan ya cika, haskensa zai haɗiye ƙananan duka. Idan bai cika ba, zaɓi lokacin da ba ya sama.

2. Nemi fili mai duhu, nesa da fitilu. Ka yi shigar sanyi sosai, domin wanda yake rawar ɗari ba ya daɗewa.

3. Fita bayan tsakar dare, ka kwanta rigingine ƙafafunka na fuskantar arewa. Daga wajen Ursa Minor, gungun taurarin da tauraruwar arewa take ciki, suke ɓullowa, amma kada ka ƙura wa wurin ido. Kalli gefensa kaɗan, can wutsiyarsu ta fi tsawo. Ba ka bukatar madubin hangen nesa, rage maka faɗin sama zai yi.

4. Ajiye waya. Ido na bukatar minti 20 zuwa 30 kafin ya saba da duhu, haske ɗaya kuwa ya mayar da kai baya.

5. Idan shiru ya yi yawa, waiwaya ka nemi Kaza da 'Ya'yanta, da taurari uku a jere da ake kira ɗamarar Orion.

6. Rubuta lokacin kowanne da inda ya nufa, da jar fitila a hannu.