Yadda za ka koya wa sabbin ɗaliban dizain aiki da girid

Duk wanda ke koyar da dizain ya san abin da sabon shiga yake fara yi, zai buɗe manhajar dizain irin su CorelDRAW ko Canva ya dasa hoto a tsakiya, ya watsa rubutu duk inda ya ga fili, in wani lungu ya rage sai ya cusa masa fure ko tauraro don kar ya zauna haka. Ba rashin basira ba ne wallahi, kawai ba a taɓa nuna masa cewa akwai layukan da ba sa fitowa a bugu amma su ke riƙe da komai a shafi ba. Su ake kira girid. Kamar igiyar da magini ke ja kafin ya fara jera bulo ne, in gini ya tashi a cire ta, amma ko daga nesa ka san bangon da aka ja wa igiya.

Shawarata ta farko, ranar da za ka fara darasin nan kar a kunna kwamfuta sam. Ka zo da tsofaffin jaridu, Aminiya ko duk wadda ta samu, ka raba wa kowa shafi ɗaya da rula da jan biro, ka ce su ja layi daga sama har ƙasa a duk inda rubutu ya fara da inda ya ƙare. Kar ka yi musu bayani tukuna, ka bar su. Can za ka ji wani ya ce "Malam, ashe hoton ma kan layin yake, har tallan da ke ƙasa", to wannan yaron ya gane girid, kuma ganewar da ya yi da hannunsa ta fi lacca ta awa biyu zama a kai. Daga nan ne za ka sa wa abubuwan suna: majin shi ne filin da aka bari a gefe-gefe, kwalam su ne dogayen ɗakunan da rubutu ke zama ciki, sai 'yar ratar da ke tsakanin kwalam da kwalam. Uku ɗin nan sun isa a makon farko.

Sai lissafi, kuma a nan ne yara ke fara ɓata rai, don haka ka yi shi tare da su a allo da lambobin da ke fita daidai. Takardar A4 faɗinta milimita 210, tsawonta 297. Cire majin 15 hagu 15 dama, saura 180. Kana son kwalam 6, kenan rata 5 ce tsakaninsu ba 6 ba, wannan wajen kusan kowa ke faɗuwa don haka ka sa su ƙirga da yatsa. Kowace rata milimita 6, ya zama 30, cire daga 180 saura 150, raba shida, kowane kwalam 25. Su zana shi da fensir a farar takarda kafin su je su jawo layukan daga rular CorelDRAW, kuma ka tabbata sun kunna abin nan da ke sa kaya su manne wa layi da kansu. Masu amfani da manhajar Figma ko InDesign lambobin kawai za su shigar, amma wanda ya taɓa yi da hannu shi ya san me yake shigarwa.

Aikin farko ka ƙuntata shi sosai. Katin gayyatar walima ko fostar buɗe shago, hoto ɗaya, kanu ɗaya, bayanin rana da wuri, lambar waya, nau'in rubutu ɗaya tak, baƙi da fari. Doka ɗaya ce: komai ya fara a bakin kwalam ya ƙare a bakin kwalam, babu abin da zai fara a cikin rata. Sannan kowa ya kawo tsari uku daban-daban a kan girid ɗaya, wannan shi ne zuciyar darasin, don abin da suke tsoro shi ne wai girid zai sa aikin kowa ya zama iri ɗaya, to in ka manna ayyukan a bango suka ga wani ya ba hoto kwalam 4 rubutu 2, wani ya raba 3 da 3, wata kuma ta bar kwalam biyu fayau babu komai kuma nata ya fi na kowa kyau, gardama ta ƙare. Filin da aka bari da gangan ba asara ba ne, ka nanata musu wannan, don gobe kwastoma zai tsaya a kansu yana cewa a cike nan a ƙara girman can, dole su iya kare aikinsu da ladabi.

Wajen duba aiki kar ka ce "bai yi kyau ba", wannan ba ya koyar da komai sai karya gwiwa. Ka kunna layukan ka tambaye shi, wannan rubutun a kan wane layi yake zaune? In ya rasa amsa shi da kansa zai matsar.

In sun ƙware a tsaye sai ka kawo na kwance, wato tazarar sama da ƙasa. Rubutu mai girman 10 da tazarar layi 12, to duk wani gibi tsakanin kanu da bayani ya zama 12 ko 24 ko 36, ba abin da ido ya ga dama ba. Masu son dizain na waya da shafin intanet su kuma su saba da ninkin fiksel 8 (fiksel shi ne ɗigon da ake auna allo da shi), da kwalam 12 irin na Bootstrap, wato wani tsari da ake gina shafukan intanet da shi, an zaɓi 12 ne don tana rabuwa 2, 3, 4 da 6 ba saura.

Ka nuna musu fostocin Josef Müller-Brockmann, mutumin Suwizalan da ya yi wa tarukan kiɗe-kiɗen birnin Zurich fosta a shekarun 1950 kuma ya fitar da littafi kan girid a 1981, su nemo layukan da kansu kamar yadda suka yi wa jarida. Batun karya girid kuwa, za su tambaya tabbas. Ka ce eh ana karyawa, amma abu ɗaya a shafi, kuma sai ɗalibi ya iya faɗa maka da baki dalilin da ya sa ya fitar da shi daga layi kafin ka yarda.