Sabon fad ba ya maganin rawar birki: kurakuran da aka fi yi a Hilux da makamantanta

Direba ya kawo mota yana cewa in ya taka birki sitiyari na rawa, sai a cire tsohon fad, wato abin da ke matse faifan birki mota ta tsaya, a sa sabo a sallame shi. Bayan 'yan kwanaki rawar ta dawo. Dalili kuwa, ba kasafai matsalar ke fitowa daga fad ba, tana cikin faifan birki ne da wurin da ya zauna.

Kafin a kwance ko noti ɗaya, a hau titi da motar. In sitiyari ne ke kaɗawa lokacin taka birki, a duba faifan gaba. In kujera da jikin mota ne ke girgiza, ƙafa kuma na jin bugu, a leƙa duram ɗin baya, mai yiwuwa ya gurɓace ya daina zama da'ira. Rawar da ke zuwa a gudun kilomita 80 zuwa 100 ba tare da an taɓa birki ba, wannan aikin mai taya ne: balans, ko rim da ya lanƙwashe. Bugun ABS, na'urar da ke hana taya kullewa in an taka birki da ƙarfi, a kan tsakuwa ko yashi kuma aikinsa yake yi, ba lalacewa ba ce.

Kuskuren da ya fi jawo dawowar rawa shi ne ɗora faifai a kan hob mai tsatsa, wato ƙarfen da faifai da taya ke zama a kansa. Ɗan ɓurɓushin da ido bai damu da shi ba ya isa ya karkatar da faifan. Yana juyawa yana gogar fad a gefe guda, har wani wuri a jikin faifan ya fi wani kauri, kuma bambancin da bai kai kaurin gashi ba ƙafa na jinsa. A goge fuskar hob da burushin waya da samfefa har ƙarfe ya fito fes. Sannan a ɗaure faifan da notuna, a kafa agogon auna karkata kusa da bakinsa, a juya da hannu. Karkatar da ta wuce wajen 0.05 na milimita ta yi yawa. A cire faifan a sauya ramukan da ya zauna a sake gwadawa. In ba ta ragu ba, a girgiza taya a ji ko boris ya saki, domin boris mai wasa yana ɓata awon. Ana rubuta mafi ƙarancin kauri a jikin faifai, wanda ya kai nan ba a kai shi injin sassaƙa, sauyawa ake yi.

Notunan taya ma haka. Yaran gareji kan hau kan sifana da ƙafa, su ɗaure ɗaya tam kafin su taɓa sauran, faifan ya matsu ta gefe. A ɗaure su a tsallake, kaɗan-kaɗan, a ƙarasa da sifana mai auna ƙarfi bisa adadin da littafin motar ya bayar.

Wajen sa fad ɗin kansa, kada a bar kalifa, wato gidan da ke riƙe fad, na lilo a jikin tiyon man birki, a rataye ta da waya. A tura fistin da ke danna fad ya koma cikin kalifa a hankali ana lura da tulun man birki kada ya yi ambaliya. In ka ga fad ɗin ciki ya cinye na waje na nan, to fil ɗin da kalifa ke zamewa a kai ya cije, ko fistin ya maƙale. A wanke, a shafa giris na silikon. Giris ɗin boris yana kumbura roba, fil ɗin ya sake cijewa. Kuma ana sauya fad na ƙafafu biyu tare, ko da ɗaya ne ya ƙare.

Kafin mota ta motsa a yi ta taka birki har ya yi tauri, in ba haka ba takun farko babu birki sam. Daga nan a sami hanya marar cunkoso, a rage gudu daga kilomita 60 zuwa 10 kamar sau 8, ba tare da tsayawa cak ba, sannan a yi tafiya ba birki har ya huce. Danne birki a tsaye alhali faifai na da zafi yana barin tambarin fad a kansa, rawa kuma daga nan take farawa. Mota mai kaya a gangara irin ta Hawan Kibo, da giya ake riƙe ta, kuma kada a kwara wa faifai mai zafi ruwa.