Yadda ake sauke maganaɗisun da ya taru a cikin kan da ke riƙe da allurar garmaho

Jama'a masu sauraron faifai, in ka ji sautin garmahonka ya dushe kamar an rufa wa sifika bargo, kar ka yi saurin cewa ya mutu, mai yiwuwa ƙura ce ko maganaɗisu ya taru.

Fara da ƙura tukuna, don ƙurar hunturun Kano ba ta raga wa komai ba. Sami ɗan burushi mai laushi ka share allurar daga baya zuwa gaba, kar ka kuskura ka yi gefe da gefe, tsinken da allurar ke jikinsa zai lanƙwashe.

Sannan ka duba wane irin kai gare ka, wato ɗan akwatin da ke riƙe da allurar. Akwai MM (mai maganaɗisu mai motsi), akwai MC (mai naɗin waya mai motsi). A MC siririyar waya ce aka naɗe a kan ɗan ƙarfe, to wannan ƙarfen ne ke riƙe ragowar maganaɗisu sannu a hankali, shi ake saukewa. MM kuwa maganaɗisun ne da kansa yake motsi, in ka jona masa na'urar da ake sauke maganaɗisu da ita za ka iya raunana shi, don Allah ka bar shi kawai.

Ga hanyar da nake bi a kan MC, ba tare da na'ura ba. Kashe amfilifaya, zare wayoyin garmahon nan biyu ja da fari daga jikin amfilifayar, ka ɗauko guntuwar waya ka haɗa tsinken tsakiya da ƙarfen gefe a kowanne, sai ka ɗora faifai mai kiɗa da ƙarfi ya juya kamar minti 1, ba za ka ji komai ba, haka ake so. Cire guntuwar wayar ka mayar da komai.

Wasu na cewa ba bambanci, ni dai kunnena yana jin sautin ya washe. Amma karanta takardar kamfani tukuna, wasu kamfanonin sun hana amfani da na'urar saukewa.