Kurakuran da na gaji da gani wajen shirya ɗalibi shiga jami'a

Duk shekara idan lokacin cike fom ya zo, sai 'yan ajin ƙarshe su yi min layi a bakin ofis, kowa da tambaya iri ɗaya: "Malam, wane kwas zan cike?" Tambayar ba ta da laifi, sai dai ta makara da shekara uku. Ba a fafe gora ranar tafiya, amma haka muke yi wa yaran nan, mu malamai da ku iyaye.

Bari in fara da wanda ni na tafka da hannuna. A shekarata ta biyu da fara koyarwa, wata yarinya mai kaifin basira ta zo ta ce za ta ajiye fiziks, wai darasin yana ja mata maki baya. Na duba takardar, na sa hannu, ko minti biyar ba a yi ba. Ban tambaye ta abin da take so ta zama ba. Bayan shekara biyu ta dawo da fom, ta ce injiniyan lantarki take so. Muka riƙa buɗe sharuɗɗan jami'o'i ɗaya bayan ɗaya, kowace ta sa lissafi da fiziks a layin farko. Ba ta yi kuka ba. Ta ninke takardar gida huɗu, ta cusa a jaka, ta ce, "Na gode, Malam." Shekara guda cur ta yi a gida tana koyon darasin tun daga farko kafin ta sake zama jarrabawa. Sa hannuna ne ya ci mata wannan shekarar, kuma har yau wannan godiya tana min ciwo.

Tun daga ranar na kafa wa kaina doka. Babu ɗalibin da zan bari ya ajiye darasi sai ya rubuto min ayyuka uku da yake sha'awa, sannan ya nemo sharuɗɗan shigarsu daga shafin jami'a da kansa, ba wai "an ce" ba. A nan yake gani da idonsa cewa likitanci ba ya yiwuwa sai da kemistiri da bayoloji, kuma kwas ɗin tattalin arziki ko na kwamfuta da yake shirin fakewa a ciki don gudun lissafi, lissafin ne ke jiransa a can. Wasu abokan aikina suna cewa na takura, ɗan shekara 14 ina ya san abin da yake so? Ai dalilin ke nan da ba zan bar shi ya rufe ƙofar da bai leƙa ba.

Yanzu kuma ku iyaye. Kun zaɓi suna ne, ba aiki ba. "Ɗana likita zai zama." To, kun taɓa tambayarsa ko zai iya tsayawa a kan mai ciwo da ƙarfe uku na dare? Na ga yaron da yake kwance rediyo ya mayar tun yana ƙarami, aka tursasa shi karatun lauya, ya yi shekara biyu yana faɗuwa, ya dawo gida ko ido ba ya iya haɗawa da mahaifinsa. Da na ba da shawarar kwalejin fasaha tun farko, uban cewa ya yi, "Malam, kana nufin ɗana daƙiƙi ne?" Wannan rainin sana'a yana ba ni haushi ƙwarai. A Jamus matasa da yawa suna shiga koyon sana'a na shekara biyu zuwa uku da rabi, wasu ranaku a kamfani, wasu a aji, ana biyansu, kuma ba wanda yake musu kallon waɗanda suka kasa.

Maganin da nake amfani da shi mai sauƙi ne: kafin yaro ya cike kwas, ya yi wuni ɗaya cikakke tare da mai wannan aikin, ya tambaye shi abin da ya fi gundurarsa a ciki. Gani ya kori ji. Nakan kuma ɗauko rabon da masanin halayya John Holland ya yi a 1959, inda ya kasa sha'awar aiki gida shida: aikin hannu, bincike, ƙirƙira, hidimar mutane, jagoranci da ciniki, sai tsara takardu da alƙaluma. Ban ɗauke shi hukunci ba, hanyar buɗe hira ce da yaron da komai aka tambaye shi sai ya ce "duk ɗaya ne."

Sai yadda ake karatun kansa. Ɗalibi zai karanta babi sau huɗu, ya ja layi a ƙarƙashin kusan komai, ya ɗauka ya iya. Tun 1885 masanin halayya Hermann Ebbinghaus ya nuna yadda mantuwa take gaggawar cinye sabon abin da aka haddace. A 2006 kuma masana halayya Roediger da Karpicke sun gwada ɗalibai: masu maimaita karatu sun fi tunawa bayan minti biyar, amma bayan mako guda waɗanda suka rufe takarda suka gwada kansu ne suka yi gaba. Saboda haka nake cewa rufe littafin, ɗauki farar takarda, rubuta abin da ka tuna, sannan ka buɗe ka ga inda ka yi ɓatan kai. A jami'a ba mai bin ka da bulala, wanda bai koyi wannan a sakandare ba zai sha mamaki a zangon farko. Kwana ido biyu daren jarrabawa kuwa asara ce, matashi yana buƙatar barcin awa 8 zuwa 10.

Sauran ƙanana ne, amma suna kayar da mutum. Cike kwas ɗaya tilo a jami'a ɗaya tilo ganganci ne. Kada ka bari wani ya cike maka fom da lambar wayarsa ko imel ɗinsa, saƙon gurbin karatunka can zai tafi. Duba sunanka da ranar haihuwarka a kowace takarda, harafi ɗaya kan tsayar da rajista. Wasiƙar shaida daga malami a nema da wata guda, ba saura kwana biyu ba. Mai hangen karatu a waje ya kula da wa'adi: a Birtaniya, neman likitanci ko jami'o'in Oxford da Cambridge ana rufe shi ranar 15 ga Oktoba, kusan shekara guda kafin a fara karatu, kuma sakamakon jarrabawar Turanci ta IELTS da TOEFL shekara biyu kawai ake karɓarsa. Ni a bangon ofis nake liƙa waɗannan ranaku tun makon farko na zango, kuma kowace nakan rage mata kwana goma ba tare da na gaya wa yaran ba.