Yadda Za Ka Yi Idan Kwamfuta Ta Ƙi Ganin Wayarka

"Kawu, wayar nan tana shan caji fa, amma kwamfutar ta nuna kamar ba ta san da ita ba." Da wannan maganar 'yar yayata ta faɗo mini shago wata safiya cikin sanyin hunturun Jos, laftof a hammata, waya ƙirar Tecno a hannu. Hotunan aikin makaranta ne a ciki, tana so ta kai a buga mata a Bauchi Road kafin azahar, har wani ya riga ya ba ta shawarar a yi wa wayar filashin, wato a sake ɗora mata babbar manhajarta daga tushe. Na karɓi kebul ɗin da ta zo da shi na ajiye gefe, na jona nawa. Ba a yi minti ɗaya ba wayar ta bayyana.

Haka wannan matsala take. Galibi laifin yana wajen abu mafi arha, shi ya sa ake farawa daga nan, a bar na tsada sai ƙarshe. Kuma abu ɗaya za ka riƙa canzawa a lokaci guda, in ba haka ba ko ta gyaru ba za ka san abin da ya gyara ta ba.

1. Kasa kunne tukuna

Ƙara sautin kwamfutar, sannan ka jona wayar. Windows yana yin wata 'yar ƙara duk lokacin da ya ji an haɗa masa sabon abu, kuma ita ce za ta nuna maka inda za ka dosa. In babu ƙara kuma babu caji, kebul ko ramin da ake jona shi ya mutu. In caji yana shiga amma shiru, hanyar bayanai ce ta toshe. In ka ji ƙarar amma ba ka ga komai ba, to sun gaisa, saura saitin wayar ko direba, wato manhajar da ke yi wa Windows tafinta. In kuwa ƙarar tana ta maimaituwa, ta haɗu ta katse, wani abu ne ya yi sako-sako ko datti ya shiga.

2. Canza kebul

A nan gizo ya fi yin saƙa. Kebul na USB irin wanda muka saba yana da siraran wayoyi huɗu a cikinsa. Ja da baƙa su ne ke ɗaukar wuta mai ƙarfin bolt 5, fara da koriya kuma su ne ke ɗaukar bayanai. Wasu kamfanoni, don rage kuɗi, sukan bar biyun farko kaɗai. Irin wannan kebul zai cika maka batir lafiya lau, amma ko hoto ɗaya ba zai wuce ta cikinsa ba, domin babu hanyar. A ido ba za ka bambance su ba.

Saboda yadda wuta take a garin nan, kowane gida cike yake da gajerun kebul da suka zo da fawa-banki, da tocila mai caji, da 'yar sifika. Da yawansu na caji ne zalla, kuma ɗaya daga cikinsu ne 'yar yayata ta ɗauko. Ko kebul mai kyau ma yana iya zama haka in ya tsufa, saboda wayoyin bayanai sukan tsinke a wuyansa, inda ake yawan lanƙwasawa, na wutar su ci gaba da aiki.

Nemi wanda ya zo a kwalin wayar, ko ka ari wanda ka tabbata wani ya taɓa tura fayil da shi. In sabo za ka saya a Terminus ko Ahmadu Bello Way, tafi da laftof ɗinka a gwada a gabanka. Kada ka yarda da gwajin caji, shi kowane kebul yana cinye wannan jarrabawa.

3. Buɗe wayar ka ba ta izini

Tun daga Android 6 da ya fito a 2015, waya ba ta buɗe cikinta ga kwamfuta sai mai ita ya ce ta buɗe. Ni a ganina wannan tsari alheri ne. Ka tuna sau nawa ka bar wayarka a shagon masu caji a kasuwa ko a tasha. Da a ce duk abin da aka jona mata tana miƙa masa hotunanka, da an sha kallo.

Ga yadda ake yi. Cire makullin wayar, ko zane ne ko lamba ko yatsa, ka bar fuskarta a kunne. Jawo labulen sanarwa daga sama, za ka ga wani rubutu mai cewa ana cajin wayar ta USB. Taɓa shi, sai zaɓi ya fito. Ɗauki "File transfer", wasu wayoyin kuma "MTP" suke rubutawa. Akwai "PTP", wanda hotuna kaɗai yake nunawa kamar kyamara, yana kuma da amfani a matsayin gwaji idan na farkon ya ƙi.

Yanzu danna maɓallin Windows tare da E a kwamfuta, ka shiga "This PC". Kada ka tsaya neman harafi irin E ko F kamar yadda filash yake fitowa. Waya da sunanta take bayyana, ba ta da harafi. In ka shiga ka tarar da ita fayau babu komai, ba gogewa aka yi ba, wayar ce ta sake kullewa ko ba ka ba da izinin ba.

Wani lokaci sanarwar ba ta fitowa sam. Shiga saitin wayar, ka nemi "About phone", ka taɓa "Build number" sau 7 a jere. Wani ɓoyayyen sashe mai suna "Developer options" zai buɗe. A cikinsa akwai "Default USB configuration", sai ka mayar da shi kan tura fayil. Abin da ya kai ka ke nan, ka yi shi ka fito, sauran maɓallan wurin ba na wasa ba ne.

4. Duba ramukan biyu

Kashe wayar ka haska bakin cajinta da tocila. Ƙurar hunturu da zaren aljihu sukan taru a can ƙasa su dunƙule, kullum kan caja yana ƙara danne su, har ya zama kebul ba ya shiga ya zauna daram. Sa tsinken sakace na itace ka yaƙuto dattin a hankali, kana kiyaye ɗan harshen da ke tsakiya. Ban da allura, ban da fil. Na ga waɗanda garin neman gira suka rasa ido, suka karya ƙafafun da ke ciki, alhali bakin caji irin na USB-C yakan ɗauki ƙafafu har 24 cunkushe a ɗan wannan wuri.

A ɓangaren kwamfuta, sauya rami. In ta tebur ce, zagaya baya, domin ramukan baya a jikin babban allon injin suke, na gaba kuwa da waya aka jawo su, sun fi saurin lalacewa. Cire duk wani abin rarraba rami ka jona kai tsaye. Daga nan ka kashe waya da kwamfuta ka sake kunnawa. Kada ka raina wannan, yana warware abubuwa da dama.

5. Sai maganar direba

Direba wata 'yar manhaja ce da ke yi wa Windows tafinta tsakaninsa da abin da aka jona. Danna maɓallin Windows tare da X, ka zaɓi "Device Manager". Jona wayar kana kallo, jerin zai ɗan motsa. Nemi sunanta a ƙarƙashin "Portable Devices" ko "Other devices". In ka ga alama ruwan ɗorawa mai kusurwa uku a kanta, tafintan ne ya samu matsala.

Danna ta da ɓangaren dama na linzami, ka bi wannan hanya: "Update driver", sai "Browse my computer", sai "Let me pick from a list", ka zaɓi "MTP USB Device". Wannan direba yana cikin Windows tun asali, ba ka buƙatar data. In bai yi ba, zaɓi "Uninstall device", ka zare wayar, ka sake kunna kwamfutar, ka mayar, Windows zai ɗora shi sabo. Amma in abin da ka gani shi ne "Unknown USB Device" da lambar kuskure 43, kada ka ɓata yininka wajen sauke direbobi daga intanet. Kwamfutar cewa take ta tambayi wayar sunanta ba ta ji amsa ba, kuma wannan ya fi kama da laifin kebul ko bakin caji.

Akwai wani tarko da ba kowa ya sani ba, ya kuma shafe mu saboda yawan laftof na hannu da ake shigowa da su daga Turai. Bayan hukuncin da hukumar Tarayyar Turai ta yanke wa Microsoft a 2004, kamfanin ya fara fitar da nau'in Windows mai harafin N a ƙarshen sunansa, wanda aka cire wa manhajojin sauti da bidiyo. To MTP a jikin waɗannan manhajoji ya rataya. Duba "About" a saitin kwamfutar. In ka ga an rubuta "Pro N" ko "Home N", nemi "Optional features" ka ɗora "Media Feature Pack". Kyauta ne, data kawai zai ci.

6. Masu iPhone da masu Mac

iPhone takan tambaya ko ka amince da wannan kwamfuta. Taɓa "Trust" ka sa lambar sirrinka. In ka taɓa ƙin amincewa bisa kuskure kuma tambayar ta daina zuwa, shiga "General" a saiti, ka nemi wurin sake saiti, ka zaɓi "Reset Location & Privacy". Windows kuma yana buƙatar manhajar Apple Devices ko iTunes, a nan direban yake. Ko ta bayyana, hotuna da bidiyo kaɗai za ka gani, haka Apple ya tsara.

Mac kuwa ba ya jin yaren MTP da kansa. Duk wanda ya jona masa wayar Android sai ya ɗora manhaja irin OpenMTP kafin ya ga komai.

7. In duk sun ƙi

Kai wayar da kebul mai kyau wajen wata kwamfutar. In ta gan ta, matsalar a taka kwamfutar take. In ita ma ta ƙi, bakin cajin wayar ne ya lalace ta ɓangaren bayanai. Kafin ka je gyara, fitar da kayanka ta wata hanya: Xender ko Quick Share ta Wi-Fi, ko ka kwafe su a katin memori in wayar tana da gurbinsa. WhatsApp ma zai yi in abin kaɗan ne, amma ka tura hoton a matsayin takarda, wato "Document", don kada ya rage masa kyau.

A wajen mai gyara, faɗa masa dalla-dalla abin da ka gwada, ka ce bakin caji kake so a duba. A wayoyi da yawa yana kan wani ɗan ƙaramin allo ne daban, ana cire shi a sa sabo ba tare da an taɓa hotunanka ba. In ya fara maganar filashin, tambaye shi ta ina zai yi, tunda filashin ɗin ma ta wannan bakin da ya ƙi aiki ake bi. Kuma kafin ya rufe bayan wayar, ka ce ya jona ta a kwamfutarsa ya tura fayil ɗaya kana gani.